Abin da Ba a Faɗa Kafin Wasa

Minas,
farkon Nuwamba, 2004

Zuwa ga matata Zulma,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Ruben da matarsa, da wannan sabon ɗan mutum da ya ɗauke mini ke ya kai ki Sifen. Yaya sanyin Vigo? Yaya gwiwarki ta hagu, kina shafa maganin kuwa? Ruben ya ce jaririn da ni yake kama. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, yara kan canza. Mu nan lafiya lau. Zafi ya fara shigowa, lemon da ke bayan gidanmu ya yi fure, kare kuma har yanzu a bakin ƙofa yake kwana yana jiranki, abin da ni girma ya hana ni yi.

Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. A waya ke kike magana, ni aikina "haka ne". A takarda kuwa ba mai katse ni. To ki miƙa wa uwarsa jaririn, ki nemi kujera, don labarin da zan ba ki na sakin abin da ke hannu ne.

Kulob ɗin Farola na Montevideo, babban nan da kike cewa jesinsu kamar labulen asibiti, sun ɗauko wani mutumin Holan sun damƙa masa makarantar horar da yaransu. Sunansa Joop Veenstra. Da yake ba mai iya faɗar sunan ba tare da ya fesa wa na kusa da shi yawu ba, kuma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar otal, gari ya raɗa masa Dogo. Yawo yake yi gari-gari, amma ba irin masu farautar yaran da muka saba gani ba ne, waɗanda ke auna cinyar yaro da ido kamar masu cinikin maraƙi. Shi koci yake nema. Ya ce duk yaron da ya iya ƙwallo, akwai wanda ya tsaya a rana ya koya masa, to wannan mutumin yake so. Zai ɗauki mutum ɗaya daga yankinmu, ya kai shi babban birni, ya ba shi 'yan shekara sha huɗu ya horar, kulob kuma ya ɗauki nauyin karatunsa har ya samu takardar shaida ta ƙoli, irin wadda ake horar da manya da ita.

Mutum biyu ya ware a Minas. Ɗaya Yamandú Pintos na kulob ɗin Estación, mai tumbin nan da ke koya wa yara gudu alhali rabonsa da gudu tun mulkin soja. Ɗayar kuwa 'yarki ce. 'Yarmu. Silvana!

Na rubuta sunan sai da na tashi na zaga tebur na dawo. Kin tuna Asabar-Asabar ɗin da take hawa motar asuba zuwa Montevideo don kwas ɗin koci, ita kaɗai mace a aji, ta dawo ta tsaya a kantin magani har ƙafarta ta kumbura? Kin tuna ni ne nake cewa da ta karanci wani abu mai rufin ɗaki a kansa? To ki manta, ni ma na manta.

Matsayina dai bai canza ba. Har yanzu ni ne mufa na unguwa, mai farar ƙafa, wanda ba ya taka filin kulob ɗinmu Horneritos, inda take horar da yara, ranar wasa. Na sake bin shari'ar a raina, ban ga inda aka yi mini adalci ba. Na je kallo 'yan lokuta an ci mu, wannan gaskiya ne. Na ƙarshe kuma na dafa kafaɗar golanmu na ce, "Yau ba mai cin ka," kafin hutun rabin lokaci ƙudan zuma suka kore shi daga raga aka zura mana biyu. Wannan ma gaskiya ne. Amma ni na aiko zumar? Ga ni, Malam Elbio Techera, na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yansu adabi a sakandare, amma ranar Lahadi ba mai kiran sunana. "Wancan" suke cewa.

Atisaye dai ba a hana ni ba, muddin na tsaya bayan shingen waya, gindin bishiyar turare. Daga nan na ga zuwan Dogo ranar Laraba. Zulma, da kin ga yarinyar nan tana aiki. Ba ta ihu. Takan yanka filin ƙanana-ƙanana, ta zuba yara uku-uku, ta ce kowa taɓawa biyu kawai, sannan ta koma gefe ta harɗe hannu. Wanda ya yi kuskure ba ta gaya masa abin da zai yi, sai ta tambaye shi, "Me ka gani?" Mai tsaron baya yau, gobe shi ne ɗan gaba. Iyaye maza masu tsayawa bakin layi suna zagin 'ya'yansu kuwa ta gama da su: ta ɗora musu aikin zagayawa da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci, kuma kin san ba a ihu da tsinken zuƙa a baki. Dogo ya tsaya yana kallo, bai ko nemi inuwa ba, har wuyansa ya koma kalar tumatir.

Da aka tashi ya ƙaraso wurinta da Sifaniyancinsa na littafi, irin wanda nake roƙon ɗalibaina su yi suna ƙi. Ya ce, "Malama Techera, na ji ku da Estación za ku buga wasan ƙarshe. Za ku ci kofin?"

Doña Mirtha mai suyar fanken torta ta saki matsami ta dafe katakon teburinta don kore mugun baki. 'Yarki ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce, "Mu? Haba dai. Ai Estación sun riga sun ci. Ina taya su murna tun yanzu."

Ya ce, "To aikin fa? Kina ganin za ki iya?"

Ta ce, "Yamandú ne ya dace da shi. Ni mai ba da maganin tari ce."

Iyaye suka sauke ajiyar zuciya. Don Heber mahauci, wanda har yanzu shi ne shugaban kulob don ba mai son kujerar, ya ce, "Ka ji 'yar da ta samu tarbiyya." Ni kaina na ji daɗi, don ta amsa kamar yadda duk mai hankali zai amsa kafin babban wasa. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Dogo ya daɗe yana kallonta, kamar mutumin da ya buɗe tukunya mai ƙamshi ya tarar ba kowa ciki sai ruwa. Wataƙila haka fuskar mutanen ƙasarsu take.

Ki gaishe da kowa. Ki sumbaci jaririn a goshi, wurin da ba ya kama da ni.

Naki har kullum,
Elbio

Minas,
ƙarshen Nuwamba, 2004

Tsohuwata Zulma,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, wasiƙarki ta iso, na kuma karanta ta har da inda kika ce in daina cin soyayyen nama a tsaye bakin murhu. Ban san wanda ya kai miki tsegumi ba, amma ina zargin kare. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Na ga kuma a duk tsawon wasiƙar ba ki ambaci aikin Silvana ko sau ɗaya ba, sai "batun nan". Ashe har a hayin teku kina nan da halinki.

To batun nan ya rikice.

Ashe da Dogo ya je filin Estación ya yi wa Yamandú tambayoyin nan guda biyu, amsar da ya samu ke nan sak. Yamandú ya dafe tumbi ya ce, "Yallaɓai, Horneritos ai sun gama da mu tun kafin a fara. Aiki kuwa na yarinyar nan ne, ni direban motar burodi ne." Da labari ya iso unguwarmu, mutane suka fusata. Don Heber ya ce, "Kun ji ɗan banza, zai shafa mana rashin sa'a!" Daga nan yaƙin taya murna ya ɓarke. Estación suka aiko mana da kek an rubuta "Ga zakaru" a kansa. Ba wanda ya taɓa shi, a bakin ƙofa ya kwana, karnuka ma sai da suka yi shawara. Don Heber ya rama da ƙyalle mai faɗin titi, ya sa aka rataye a gaban kulob ɗinsu: "Barka da cin kofi, maƙwabta." Yamandú ya shiga gidan rediyo ya kwashe rabin shiri yana yabon Silvana, har ya ce a tarihin garin nan ba a taɓa koci kamarta ba. Ta ji a kantin magani, ta ce saura kaɗan ta ba wata tsohuwa maganin tsutsa a madadin na hawan jini. Na karanta labaran yaƙe-yaƙe da yawa a rayuwata, ban taɓa cin karo da wanda aka yi da kek ba.

Duk wannan da dariya ce kawai, ba don abin da 'yar uwarki Iris ta gaya mini ba. Kin san a otal ɗinta Dogo yake sauka. Ya je zagayen gabas ya dawo, yana karin kumallo ya ce mata Minas gari ne mai ban mamaki. Ya ce ya ga koci biyu, ɗaya mai kyau, ɗaya kuma irin wadda ya daɗe yana nema, amma duk cikinsu ba mai son aikin, kuma shi ba ya jan mutum da igiya. Ya ce a garin Rocha ya haɗu da wani saurayi da bai kai su ba, amma tun ranar farko ya gaya masa wata rana shi zai horar da 'yan wasan ƙasa. Zai tsaya ya kalli wasan ƙarshe tunda ya yi alkawari, da yamma ya hau mota, sunan ɗan Rocha zai kai.

Zulma, mutumin nan ya ɗauki maganarmu a yadda muka faɗe ta! Wa yake yin haka?

Da muka zauna cin abinci na kwashe duka na gaya wa Silvana. Na ce bari in je otal in warware masa, magana ce ta minti kaɗan tsakanin masu karatu biyu. Ta ajiye cokali.

"Baba, kada ka kuskura. In ka buɗe bakin nan naka ka ambaci aikin a gabansa, ka kashe ni."

"Ke da kike zaune cikin kwalaben kimiyya, kin yarda da wannan shirmen?"

"Ban yarda ba. Amma ka tuna zuma."

"To ke ki je ki gaya masa da kanki."

"Ana saura mako a buga wasa? Ka ji tsohon nan."

Na ce, "Ni dai gaya mini, nan ba kowa sai ni da ke da kare. Kina so?"

Ta kalli farantinta. Ta ce, "Miƙo gishiri." Na ɗauka zan ba ta, ta janye hannu. "Ajiye a tebur mana! A hannu ake ba da gishiri?"

Haka ta sa na yi alkawari ba zan ce masa uffan a kan aikin ba. Na yi. Kin san ban taɓa iya ce wa yarinyar nan a'a ba, ke ce mai wannan sashen.

Washegari sai ga baƙi: Don Heber da haƙarƙarin saniya a takarda, Doña Mirtha da ƙunshi a hammata. Rabon da wani daga kulob ya tako gidan nan a makon wasa, tun kafin zuma. Suka zauna a bakin kujera, kowa yana neman katakon da zai dafa. Don Heber ya gyara murya ya ce, "Malam, mun zauna mun yi tunani. Abin nan da ke jikinka baiwa ce, mu ne ba mu san amfaninta ba." Doña Mirtha ta kwance ƙunshi, sai ga koren jesin Estación. Wai ranar Lahadi in saka, in je in zauna a tsakiyar magoya bayansu, in yi ta yi musu fatan alheri da babbar murya.

Na san abin da ya kamata mutum mai mutunci ya yi. Ya miƙe, ya nuna musu ƙofa, ya yi ɗan jawabi a kan jahilci. Jawabin ma na tsara shi a kaina, ya yi kyau ƙwarai. Amma abin da na ji bakina ya faɗa shi ne, "Daga bencin nasu ana ganin fili sosai?"

Zulma, zan ga wasa! Zan ga 'yata a bakin layi ranar wasa, ba a atisaye ba, ba ta ramin waya ba. Shekarun nan duka a tsakar gida nake zama ranar Lahadi, ina fassara ihun da iska ke kawowa, in na ji na murna in tambayi kare ko namu ne. Na gwada jesin a gaban madubinki. Ya kama ni a ciki, na fito kamar kankana, amma ban damu ba.

Aikin ne dai ke hana ni sukuni. Ga mutum zai tafi da amsar da ba ita ba ce, ga ni na san gaskiya, ga bakina a ɗaure. Ki yi mana addu'a, ke da kuke shiri da coci. Kada dai ki faɗi abin da kike roƙo, na san ba sai na gaya miki ba.

Mijinki mai kewarki,
Elbio

Minas,
Litinin, Disamba, 2004

Zulma tawa,

Ina gaishe ki da muryar da ba ni da ita, don ta dushe tun jiya. Ina fatan ke da yara da jikanmu kuna lafiya. Na roƙi Silvana kada ta bugo miki waya sai wasiƙar nan ta iso, na kuma san ba za ta ji ba. Ba komai. Ita sakamako za ta ba ki, labarin yana wurina.

A filin hukumar gari aka buga. Na isa da koren jesina, fulas a hammata, ƙoƙon mate a hannu, na nufi bencin Estación. Matar da ta fara gane ni ta ja ɗanta ta rufe masa ido. "Wancan ne! Jama'a, wancan ne!" Kafin in zauna benci ya dare biyu, aka bar mini wurin da zai ɗauki aji guda. Wani tsohon ɗalibina, wanda na kayar a jarrabawa kuma har gobe ban yi nadama ba, ya ɗaga murya: "Malam, don girman Allah me muka yi maka? Ga 'yarka can, je ka kashe ta mana!" Na ce, "Ni ɗan Estación ne tun ina cikin zanin goyo. Yau kofi naku ne, ba makawa." Mazan bencin nan kaf suka kai hannu tsakanin cinyoyinsu, inda kika san maza ke kaiwa don kariya in sun ji irin wannan. Daga tsallaken fili Don Heber ya ɗaga mini babban yatsa.

Ana gab da busa usur sai ga Dogo. Ya duba ko'ina a cike, ya hango fili fetal a gefena, wurin miƙe dogayen ƙafafu, ya zo ya zauna. Ban kira shi ba, ki zama shaida. Na zuba mate na miƙa masa, ya zuƙa, ya yamutsa fuska kamar ya tauna ƙwayar magani, amma ya shanye, na ba shi maki.

Ya ce, "Me ya sa ba mai zama kusa da kai? Ba ka da lafiya ne?"

Na auna alkawarina. Aiki aka hana ni ambata, ba a hana ni ba da tarihin kaina ba. Na ce, "Yallaɓai, a garin nan abin da kake so ƙwarai ba ka kiran sunansa kafin ya iso. Ka kira, ya gudu. In kana son cin wasa, sai ka taya abokin karawarka murna, don abin ya faɗa kansa. Ni kuma an ce bakina ya fi na kowa dafi, shi ya sa aka aiko ni nan in yabi waɗannan bayin Allah."

Ya kalli Yamandú, ya kalli Silvana. Ya ce a hankali, "Wato da matar can ta ce mini..."

Na cusa tsinken mate a baki na yi ta zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara. Dabarar 'yarki ce, tana aiki.

Wasan kuwa, Zulma! Yaran Estación ƙarti ne, wasu har da alamar gashin baki, kuma abu ɗaya Yamandú ya koya musu: a dunƙule ƙwallo a cilla gaba a bi ta da gudu. Namu ƙanana, sai su kwantar da ita a ƙasa suna miƙa wa juna kamar masu raba alewa. Amma tsoro ya kama su da farko, aka ci mu da ka daga bugun kwana. Bencin da nake ya ɓarke da murna, wata mata har ta manta ta rungume ni, ta tuna, ta koma tana goge hannu a siket. Ni kuma na tafa, kamar yadda aka aiko ni, ina ji kamar na ci amanar ƙasa.

Da aka tafi hutu, Yamandú ya tara nasa yana ta surfa musu faɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Silvana ta zaunar da nata a da'ira, ta yi musu tambaya ɗaya, ta ja baki. Daga nesa na ga yaran suna gardama, suna zane a ƙasa da yatsa. Sai da suka gama ta nuna gefen hagu ta faɗi abin da bai wuce numfashi ɗaya ba. Dogo bai ko kalli ɓangaren Yamandú ba.

Aka dawo, yaranmu suka zama wasu daban. Suka ja ƙartin nan zuwa dama, suka ja su, suka ja su, kwatsam ƙwallo ta juya hagu inda ba kowa sai ɗan autan Doña Mirtha, wanda makon jiya mai tsaron baya ne. Ya shiga, ya ɗaga kai, gola ya fito, ya miƙa wa na tsakiya, shi kuma ya tura ta raga kamar mai ajiye ƙwai.

Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Da koren jesi, a tsakiyar mutanen Estación, fulas ya tafi gabas ƙoƙo ya tafi yamma, ina ihu: "'Yata ce! 'Yata ce ta koya musu! Za mu ci! Za mu ci kofin nan!"

Na ji abin da na faɗa bayan ya riga ya fita. Can tsallake Don Heber ya ɗora hannu biyu a ka.

Sauran za ki iya cankarsa. Ana dab da tashi wani ƙaton Estación ya sheƙa ƙwallon da ta nufi bishiyoyi, ta bugi mazaunan mai tsaron bayanmu, ta canza ra'ayi, ta gangara raga. Biyu da ɗaya. Alƙali ya busa. Duk ɓangaren Horneritos, manya da yara, suka juyo suna kallona. Mutanen Estación kuwa har da masu jefo mini sumba daga nesa.

Silvana ba ta kalle ni ba. Ta je ta ɗaga yaron da ƙwallon ta buga, yana kuka kamar ransa zai fita, ta faɗa masa wani abu a kunne har ya yi dariya da majina. Ta jera yaranta suka tafa wa masu kofi. Ana cikin haka Dogo ya miƙe, ya taka har tsakiyar fili, ya kira koci biyun. Jama'a suka yi caa suka kewaye su. Ni na tsaya baya-baya, inda ya dace da mai laifi.

Ya ce, "Yau an koya mini al'adarku, kuma ban raina ta ba, mu ma muna da namu shirmen. Amma yaran da zan ba ku za su baro iyayensu daga ƙauyuka, su zo babban birni a tsorace. Ina son wanda zai iya kallon yaro ya ce masa za ka iya, da baki, tun kafin a ga ƙarshen abin. Motata ta yamma ce. Wa yake son aikin nan?"

Yamandú, kofi a hannu, gumi na zuba, ya share goshi. Ya ce, "Yallaɓai, yau fa ranar sa'ata ce, kada ka sa in ɓata ta. Tambaye ni gobe." Dogo ya juya ga Silvana.

Doña Mirtha ta ce, "Kada ki faɗa, 'yar nan, wancan yana nan!" Don Heber ya kama hannuna yana ja: "Malam, yi wa Allah ka fita waje, ka yi mana isasshe yau." Na juya zan tafi, don ni ma a lokacin na gama yarda da su.

Sai na ji muryarta. "Ku sake shi. Baba, zo nan."

Aka buɗe mini hanya, kowa na janye rigarsa. Ta saƙala hannunta a nawa, da koren jesin da komai. Ta ɗaga kai ta kalli dogon mutumin nan ta ce, yadda na bayan fili ma zai ji:

"Ina son aikin. Tun ina yarinya nake son sa. Zan iya, kuma na fi wanda ka gani a Rocha."

Ba wanda ya yi motsi. Na rantse miki mutane sama suke kallo suna jiran abin da zai faɗo. Doña Mirtha ta rasa katako, ta dafe kan Don Heber. Muka jira. Ba abin da ya faɗo. Wani kare ne kawai ya ratsa fili ya wuce abinsa.

Dogo ya miƙa mata hannu ya ce, "Farkon Fabrairu. Ki zo da takalman atisaye." Ya kuma kira sunayen yara uku da yake so su je gwaji, biyu namu, ɗaya na Estación. Yamandú ya ajiye kofi a ƙasa, ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa, ya ce, "Na taya ki murna, 'yar Malam. Wannan karon da gaske nake, na rantse da uwata!"

Kada ki zaci an wanke ni. Don Heber ya ce kofin dai ni na zubar, kuma hukuncina yana nan, har ma an ƙara da atisaye. Estación sun aiko mini da gasasshen nama daga walimarsu, tare da roƙon kada in sake zuwa ko da alheri.

Da muka dawo gida ta cire takalmi, ta zauna a kujerarki ta tsakar gida, ta ce, "To tsoho, saura kai. Ni na faɗi nawa. Me kake gani zan zama?" Zulma, ni da nake cin abinci da kalmomi, na buɗe baki na kasa. Tun ranar zuma ban sake yi wa yarinyar nan fatan alheri da murya ba, don tsoron kada in ɓata mata. Ina ta yi wa mutanen unguwa dariya, ashe na fi su riƙe abin. Na ce mata bari in ɗora ruwan mate. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

To ga shi zan fara da ke, gobe in gwada a kanta. 'Yarmu za ta yi nisa. Za ta samu takardar nan ta ƙoli. Wata rana ni da ke za mu zauna a babban fili a Montevideo, a ɓangarenta, mu gan ta a bakin layi ta harɗe hannu. Na rubuta, na sake karantawa, ban goge ba.

Na san teburin gidan Ruben na katako ne. Ki dafa abinki, daga nan ba na gani. Ki dai dawo kafin Fabrairu, akwai akwatin da za a haɗa, ni kuma kin san ban iya ninke riga ba.

Naki, da sauran muryar da ta rage,
Elbio